Haruffa Uku da Ɗigo Uku

Daga Santiyago na rubuta wa yayana,
ƙarfe tara na dare, tukunya na kan wuta:
"Eleuterio, miyar kifin Mama,
yaushe take sa mata gishiri?"

Waya ta yi ƙara. Na goge hannu.
"Uhm... sai an sauke."

Na tsaya, ludayi na ɗiga a kan ƙafata.
Amsar ba ta dame ni ba.
Wannan "uhm" ɗin ne ya tsaya mini a maƙogwaro
kamar ƙayar kifin da nake dafawa.

Da a baki ya faɗa, da ban ma ji ba.
Numfashi ne kawai kafin magana ta sami ƙofa,
kowa na yi, har fada a cikin coci.
Amma yatsa ba ya in'ina.
Sai ka nemo harafi, ka danna, ka nemo wani,
ka jera ɗigo uku kamar duwatsun murhu,
ka duba, ka bar su, ka aika.
Wa ke gyaran murya a rubuce
in ba so yake a ji ba?

Ai na san irinsa.
Shugabata a ofis, Madam Urrutia,
da shi take buɗe saƙo:
"Uhm... kin dai karanta takardar kuwa?"
Kana karantawa kana ganin gira ta ɗaga,
kana jin an auna ka, ba ka cika mudu ba.

Maƙwabciyata Ximena ta ce raini ne tsagwaronsa,
wai shekara arba'in da ɗaya, har yanzu ƙanwa ce ke.
Mijinta ya ce a'a, ƙwanƙwasa ƙofa ce,
mai ladabi ba ya faɗowa ɗaki da amsa.
Suka kama musu, na bar su a bakin matakala.

Na rubuta masa: "Na gode."
Na ɗora ɗigo ɗaya, mai nauyi, kamar sakata.
Kwana tara ba wanda ya ce uffan.

Ran Lahadi na hau mota zuwa Balparaiso.
Na haura tudu, gwiwa na kuka,
gidaje shuɗi da ruwan ɗorawa sun jingina da juna.
Na tarar da shi a tsakar gida yana ɗinkin taru.
Ba mu ta da zancen ba. Ya ba ni shayi.

Can wayarsa ta motsa, ɗansa ne ke tambayar wani abu.
Na zuba ido.
Yatsansa kakkaura, ruwan teku ya tsattsage shi.
Ya dubi teku, leɓe na motsi,
ya ce "uhm" a fili, shi kaɗai,
yatsan kuma ya bi baki, ya rubuta abin da ya ji.
Ashe bai san ana ɓoye jinkiri ba.

Na ce, "Ranar nan, batun gishiri fa?"
Ya daɗe yana jan zare.
"Maite, mantawa na yi.
Na rufe ido in ga hannunta a kan tukunya,
ban gani ba. Shekara shida kacal.
Na ji tsoron in faɗa miki kamar na tabbata."

Litinin da safe saƙon Madam ya iso,
haruffan nan uku, ɗigon nan uku,
suka kuma soke ni inda suka saba.
Tufafi iri ɗaya, masu sawa daban,
allon waya kuwa ba ya nuna fuska.

Da dare na sake ɗora tukunya.
Ya rubuto: "Ta yi kamar tata?"
Na ɗanɗana. Na sake ɗanɗanawa.
Na danna harafi uku, na goge.
Na sake dannawa,
na bar su.